Ciwo ya kama ka a ƙasar wani, an sallame ka: ƙarar wa za ka kai?

A watan Satumba na 1992 wata mata 'yar ƙasar Filifin ta sauka a Riyad da takardar kwantiragi a jakarta. Takardar ta ce aikinta shi ne kai wa mutane abinci a tebur, na tsawon wata 12, a kan dala 280 duk wata. Da ta isa sai ta tarar da wani abu daban: wanke-wanke, kankare manyan tukwane, shara da goge-goge, awa 12 a yini, ba a ƙara mata ko sisi. Duk macen da ta taɓa wanke tukwanen biki ta san yadda hannu ke kwana a ranar. Ita kuwa kullum haka take kwana. Ba a daɗe ba hannayenta suka fara sagewa, zafi ya riƙe su. Likita ya ce jijiyar da ta ratsa wuyan hannu ce ta matse, dama da hagu, irin ciwon da yawan maimaita aiki ɗaya ke kawowa. Aka yi mata tiyata sau biyu, a Janairu da Afrilun 1994. Takardar asibiti ta nuna ta samu sauƙi sosai. Kwanaki kaɗan da fitowarta daga asibiti, kamfanin ya sallame ta daga aiki, wai saboda rashin lafiya, aka sa ta a jirgi zuwa gida.

Galibin labarai irin wannan a nan suke tsayawa. Mutum ya dawo, 'yan uwa su zo sannu da hanya da ya jiki, a ce Allah ya sa kaffara ne, shi ke nan. Nata bai tsaya ba. Ta shigar da ƙara, kuma ba ta wahalar da kanta da bin kamfanin dafa abincin da ke Saudiyya ba. Ta kama kamfanin da ya ɗauke ta a gida ya tura ta, mai suna Triple Eight Integrated Services. A watan Disamba na 1998 Kotun Ƙolin Filifin ta ce korar ta saɓa wa doka, kamfanin gida ya biya ta albashin da aka riƙe mata, da na watannin da suka rage a kwantiragin, wanda kotu ta ɗauka an sabunta shi, da diyyar cin zarafi. Har yau lauyoyin ƙwadago na ƙasar suna kafa hujja da wannan hukunci.

Na ɗauko Filifin ne domin ƙasa ce da miliyoyin 'ya'yanta ke aiki a waje, kotunanta kuma sun shafe shekaru gommai suna warware irin wannan rikici, har suka kai ga wata amsa. Mu ma muna da mutane a Jidda da Makka da Riyad da Dubai, kuma jikin ɗan Adam ɗaya ne, ciwo ba ya tambayar fasfo.

Abin da ya sa shari'ar ke da sarƙaƙiya shi ne, ma'aikaci ɗaya ne amma dokoki uku ke jan sa. Akwai dokar ƙasar da aka ƙulla kwantiragi, wato gida. Akwai dokar ƙwadago ta ƙasar da ake aikin. Sai ta uku, wadda ba a cika ambatonta ba alhali ta fi sauran ƙarfi: dokar shige da fice da ta kiwon lafiya, mai faɗin wa zai zauna a ƙasa, wa zai fita. Malamin makaranta a Zariya ko ma'aikacin banki a Maraɗi, in an kore shi saboda ciwo, yana nan a garinsu. Zai nemi lauya, ya jira zaman kotu ko shekara nawa ne. Baƙo kuwa izinin zamansa a ɗaure yake da aikinsa. Ranar da aikin ya tafi, zaman ma ya kama hanya.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha ba su da dokar da ke kare marar lafiya. Suna da ita. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, a sashe na 117, ta ba ma'aikacin da likita ya tabbatar da ciwonsa hutun jinya na kwana 120 a shekara: kwana 30 na farko da cikakken albashi, kwana 60 da kashi uku cikin huɗu, sannan kwana 30 babu biya. Sashe na 82 ya ce uban gida ba shi da ikon sallamar ma'aikaci saboda rashin lafiya kafin ya cinye wannan hutu. Idan aka kori mai kwantiragin wa'adi ba bisa ƙa'ida ba, kuma kwantiragin bai ƙayyade diyya ba, sashe na 77 ya ce a biya shi albashin lokacin da ya rage, kada ya gaza na wata biyu. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na da tata: kwana 90, 15 da cikakken albashi, 30 da rabi, 45 babu. Tun 2018 ma Saudiyya ta buɗe kotunan ƙwadago na musamman. A takarda, ma'aikacin Riyad ya fi na Kano samun hutun jinya, domin dokar ƙwadago ta Najeriya kwana 12 na aiki kawai ta wajabta a biya a shekara.

To ina gizo ke saƙar? Wuri na farko, 'yan aikatau na cikin gida da direbobin gida da makiyaya ba sa ƙarƙashin babbar dokar ƙwadagon Saudiyya. Masu aikin gida na da tasu ƙa'idar daban, mai ba da hutun jinya na kwana 30. Sassaucin da aka yi wa tsarin kafala, wato tsarin da ke ɗaure zaman baƙo da uban gidansa, a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikata damar canza uban gida da fita ƙasar ba tare da sahalewarsa ba, shi ma bai haɗa da su ba. Ga shi kuwa mafi yawan matanmu da ke can wannan aikin suke yi. Wuri na biyu, lokaci. Dokar Saudiyya ta ba da wata 12 daga ƙarewar aiki a shigar da ƙara. Kafil kuwa, wato uban gidan da ya tsaya wa ma'aikaci, cikin 'yan kwanaki zai buga wa mutum bizar fita ta ƙarshe, wadda mutanenmu na can ke kira huruj niha'i. Wanda ke kwance a Fagge ko Damagaram, ba ya jin Larabcin kotu, ba shi da kuɗin naɗa wakili a Jidda, haƙƙinsa na nan a rubuce amma hannunsa ba ya kaiwa.

Wuri na uku shi ne mafi wuya. Kafin mutum ya samu bizar aiki a waɗannan ƙasashe sai an gwada lafiyarsa a asibitocin da suka amince da su, tsarin da aka fi sani da GAMCA, yanzu kuma ake kira Wafid. Da ya sauka a sake gwadawa kafin a ba shi igama, wato takardar izinin zama, a wasu ƙasashe da wasu sana'o'i kuma a maimaita lokacin sabunta takarda. Ana neman HIV, da tarin fuka, da ciwon hanta nau'in B da C. Ko tabon tsohon tarin fuka da ya warke shekaru baya yana iya kayar da mutum a hoton ƙirji. Wanda ya faɗi, sai a buga masa hatimin cewa bai cancanci aiki ba. Wannan hatimi maganar izinin zama ce. Sau da yawa mai shi lafiyarsa ƙalau ta fuskar aiki, jiya ma ya yi awa goma yana ɗaukar kaya. Amma uban gida sai ya ɗauki hatimin ya mayar da shi dalilin kora, ya ce ba ni na kore ka ba, hukuma ce, don haka ba ka bi na komai. Yawancin rigimar daga wannan cakuɗawa take tasowa.

Dokar ƙwadago ta Filifin ta yarda cewa ciwo na iya zama dalilin sallama, amma ta ɗaure abin tam. Sashe na 299, wanda a da yake na 284, ya ce sai in ci gaba da aikin ya saɓa wa doka ko zai cutar da lafiyar ma'aikacin ko ta abokan aikinsa. Ƙa'idojin aiwatar da shi suka ƙara sharaɗi: sai an samu takardar shaida daga hukumar lafiya ta gwamnati cewa ciwon ba zai warke cikin wata 6 ba ko da an yi magani yadda ya kamata. In zai warke, hutu za a ba shi, ya dawo bakin aikinsa. In kuwa an sallame shi bisa ƙa'ida, sai an biya shi kuɗin sallama. Wa zai kawo takardar? Uban gida. Mun saba a shari'a cewa mai da'awa shi ke kawo shaida, kuma wanda ya yi da'awar cewa ciwo ya gama da ma'aikaci ai shi ne mai korar.

Kamfanin Triple Eight ya ce wannan sharaɗi ba zai yiwu ba, tunda matar na Saudiyya, ina za a samu likitan gwamnatin Filifin? Kotu ta ce ƙa'idar ba ta ce sai hukumar lafiya ta Filifin ba, cewa ta yi hukumar lafiya ta gwamnati mai hurumi, kuma Saudiyya na da irinta. Ba su nema ba ne kawai. Sannan ta kafa ginshiƙin da ake bi har yanzu: kwantiragin da aka ƙulla a Filifin, dokar Filifin ce ke mulkinsa, ko a ina aka je aka yi aikin.

Amma hukunci ba shi da amfani in babu wanda za a kama. A nan ne hikimar tsarin take. A watan Maris na 1995 aka rataye Flor Contemplacion, 'yar aikatau 'yar Filifin, a Singafo bisa laifin kisan kai, al'amarin da ya tayar da ƙura a ƙasarta, jama'a na cewa gwamnati ta yi watsi da 'ya'yanta na waje. Cikin watanni uku Shugaba Fidel Ramos ya sa hannu a dokar ma'aikatan ƙetare mai lamba 8042. Sashe na 10 ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa kamfanin da ya ɗauki ma'aikaci a gida da uban gidan da ke waje, alhaki ɗaya ne a kansu. Ma'aikaci na da damar karɓar dukan haƙƙinsa daga na gida, shi kuma ya je ya ƙarata da abokin cinikinsa na waje. Shugabannin kamfanin ma ba su tsira ba, kuma akwai kuɗin ajiya da kamfani ke bayarwa kafin a ba shi lasisi, wanda za a iya taɓawa. Bahaushe ya riga ya faɗa: wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Dillalin da ya karɓi la'ada a kan tafiyar mutum ba zai ce ba ruwansa da dawowarsa ba.

Kamfanoni sun yi ta ƙoƙarin fakewa da dokar waje. Kotun ta toshe hanyar a hankali. A 2007, a shari'ar EDI-Staffbuilders, ta ce wanda ya kafa hujja da dokar wata ƙasa sai ya kawo ta ya tabbatar da ita kamar kowace shaida, in ya kasa za a ɗauka daidai take da ta gida. A 2016 ta tattara sharuɗɗan: sai an ambaci dokar wajen a cikin kwantiragi, an tabbatar da ita a gaban kotu, ba ta ci karo da doka da manufar ƙasa ba, kuma kwantiragin ya bi ta hukumar da ke tantance aikin ƙetare.

Gwaji mafi zafi ya zo da maganar HIV. Wani mutum, wanda kotu ta ɓoye sunansa, ya tafi Saudiyya aikin shara da goge-goge a 2017, kwantiragin shekara biyu, riyal 1,500 a wata. Bayan wata 15 yana aiki aka yi masa gwajin lafiya, aka samu yana ɗauke da ƙwayar cutar, aka sallame shi aka mayar da shi gida a farkon 2019. Alƙalin ƙwadago na matakin farko ya kori ƙararsa. Hukumar da ke sama ta soke wannan hukunci, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayanta, a watan Fabrairu na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Bison Management Corporation. Kamfanin ya ce kowa ya san Saudiyya ba ta barin mai HIV ya yi aiki. Kotu ta ce ba a tabbatar da wannan doka a gabanta ba, kuma ko da an tabbatar, ta ci karo da dokar Filifin ta 2018 mai lamba 11166, wadda ta haramta korar mutum saboda HIV kawai.

Akwai ƙorafi a kan wannan hukunci, kuma ba na banza ba ne. Uban gidan da ke Saudiyya ba shi ya kafa dokar ba. Ko yana son yaron, hukuma ba za ta sabunta masa igama ba. Dillalin da ke Manila, babban birnin Filifin, shi ma ba shi da iko a kan ma'aikatar lafiyar wata ƙasa. Me ya sa za a ci shi tara a kan abin da ya fi ƙarfinsa? Na daɗe ina juya wannan magana, kuma ga inda na tsaya. Kotun ba ta ce a mayar da mutumin Saudiyya ba, ba ta da wannan iko. Abin da ta yanke shi ne wa zai ɗauki asarar. Ga mai shara da ya rasa aiki da lafiya a rana ɗaya, ga kamfanin da ke tura mutane da yawa, ya san da dokar gwajin tun kafin ya fara sana'ar, yana kuma iya sa wannan haɗari cikin lissafinsa. Tun 2010 ma dokar ƙasar ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni su yi wa ma'aikacin da suka tura inshora da kuɗinsu. A ganina adalci ne asarar ta faɗa kan wanda zai iya ɗaukarta ya tashi. Ga kuma gaskiyar likitanci: mai HIV da ke shan magani yana aikinsa kamar kowa, tsintsiya da bokiti ba sa yaɗa cutar. Shawarar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 200, ta shekarar 2010, ta ce kada a hana ɗan ci-rani tafiya ko aiki saboda HIV. Sai dai shawara ce, ba ta ɗaure kowa. Yarjejeniyarta mai lamba 158 ta 1982, wadda ta ce ɗan lokacin da ciwo ya hana mutum zuwa aiki ba dalilin kora ba ne, ƙasashen da suka amince da ita ba su kai 40 ba. Nijar da Kamaru na ciki, Saudiyya ba ta ciki.

Kada a ɗauka ma'aikacin Filifin ya shiga aljanna. Matar Riyad ta jira fiye da shekara huɗu, mai sharar ya jira biyar, a kan albashin da bai wuce na wata tara ba. Ita kanta dokar 1995 ta zo da wata gadar zare: an ba kamfani damar biyan albashin wata uku kacal a kan kowace shekarar da ta rage, in hakan ya fi sauƙi. Kotun Ƙoli ta soke wannan a 2009, majalisa ta dawo da shi a 2010, kotu ta sake soke shi a 2014. Wannan jan-in-ja ya nuna irin nauyin da masu tura ma'aikata ke da shi a siyasar ƙasar.

Sai maganar takardar yafe haƙƙi, wadda ta fi komai ci min rai. Ga mutum ba shi da lafiya, fasfonsa na hannun kafil, jirgi gobe. A miƙo masa takarda da Larabci a ce sa hannu ka karɓi fasfonka da ɗan abin da ya rage. Zai sa. Kowa ma zai sa. Abin da ke ciki shi ne ya karɓi dukan haƙƙinsa, ba ya bin kowa komai, wani lokaci har da cewa shi ya ajiye aiki don kansa. Kotunan Filifin ba sa karɓar irin wannan takarda ido rufe. A shari'ar 2007 ɗin nan kotu ta ce sai takardar ta faɗi adadin kuɗin, ta lissafa haƙƙoƙin da ake yafewa, an yi wa mai sa hannu bayani da harshen da yake ji, kuma kuɗin ya zama na hankali. In an ba mutum abin da bai taka kara ya karya ba, sa hannunsa ba ya rufe masa ƙofar kotu.

Idan muka juyo gida, kayan aikin ba su rasa ba gaba ɗaya. Najeriya na da dokar 2014 da ta haramta nuna wa masu HIV wariya, har da wurin aiki. Tana da Kotun Ƙwadago ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ikon duba yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da ƙasar ta amince da su. Dokar ƙwadago ta ce sai da lasisi ake ɗaukar ma'aikata a tura, kuma a 2023 ƙasar ta amince da yarjejeniya mai lamba 181 kan kamfanonin samar da aiki masu zaman kansu. Amma duk ginin Filifin a kan abu ɗaya yake tsaye: kwantiragi rubutacce da hukuma ta tantance, da kamfani mai suna da adireshi. Mutanenmu da yawa ba ta wannan ƙofa suke fita ba. Ejan ne a unguwa, wata Hajiya ce ta san wata Hajiya, bizar Umara ce aka wuce wa'adinta. Yarinya ta yi shekara biyu tana shagala, wato aikatau, a gidan Larabawa, ƙafa ta kumbura ko hawan jini ya kayar da ita, masu gida su ajiye ta a bakin titi ko ta miƙa kanta tarhil, wurin da ake tsare baƙi kafin a mayar da su gida. Ta sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da ledar magani. Ejan ya canza lamba, ko kuma yana nan amma ɗan uwa ne, maganar kotu ma abin kunya ce a dangi. Babu takardar da za a nuna wa alƙali cewa an taɓa ɗaukarta aiki, balle a yi maganar an kore ta. Abin da nake so in ga hukumominmu sun riƙe da gaske shi ne wannan haɗa alhaki: duk wanda ya karɓi kuɗi ya tura mutum, a same shi a gida in mutumin ya dawo a kwance, kuma kuɗin ajiyarsa ya zama na biyan irin wannan haƙƙi.

Wanda ya tafi ta hanyar takarda kuwa, ya lura da abin da ya taimaki matar Riyad. Rahoton asibitin da ya ce ta samu sauƙi sosai yana cikin abin da kotu ta duba, domin ya ƙaryata da'awar cewa ciwo ya gama da ita. Kwafin kwantiragi, rahoton likita mai hatimi da kwanan wata, takardar sallama, shaidar albashin da aka biya da wanda ba a biya ba, duk a ɗauki hotonsu a tura wa wani amintacce a gida ta WhatsApp tun waya na hannu. In kuma akwai hali, a kai ƙorafi ofishin ƙwadago na can kafin a hau jirgi, domin wata 12 ɗin nan daga ranar da aiki ya ƙare suke fara ƙirguwa, ko mutum na tsaye ko yana gadon asibiti.